“Mun Rasa Sojojinmu”: Yaƙe-yaƙen Amurka a Intanet da Sakacinmu Mu Malamai

A tsakiyar shekarar karatun da ta gabata, da darasi ya kawo mu ga yaƙin cacar baka, na ba ɗalibai huɗu na ajin tarminal aikin shirya jawabi a kan yaƙin Biyetnam. Ranar da aka tsayar, shugaban rukunin ya fito gaban allo da takardu shida bugun na'ura. Yaro ne mai ƙwazo, ba ya fashin aji, ba ya raina malami. Ya yi ta karatu cikin Faransanci mai santsi har ya iso wani layi inda ya ce: a wannan yaƙi mun rasa sojojinmu fiye da 58,000. Na ɗaga hannu na tsayar da shi, na ce, “Su wane ne mu?” Ya dubi takarda, ya dube ni, aji ya kwashe da dariya. Yaron nan haifaffen Damagaram ne, iyakar tafiyarsa Yamai. Na sake tambayarsa, “To, mutanen Biyetnam fa, nawa suka mutu?” Ya birkita shafi shidan nan ciki da bai, babu ko layi ɗaya.

Ni ban yi dariya ba, domin na san asalin takardun. Da hannuna na rubuta musu adireshin shafukan intanet guda biyar a bisa allo, na ce su je su duba, na ɗauki jakata na fita. Adireshin kuwa wani abokin aiki ne ya turo mini ta waya, shi ma wani ya turo masa, da taken cewa ga ingantattun rumbuna na koyon tarihin yaƙe-yaƙen Amurka. Yara sun yi biyayya. Sun sayi katin intanet da kuɗin karin kumallonsu, sun kwafo abin da suka tarar, sun zuba shi cikin na'urar fassara ta Google, ta mayar musu da Ingilishi Faransanci, har da “mu” ɗin da wani Ba'amurke ya rubuta domin ƴaƴan ƙasarsa. Saboda haka wannan ƙorafi ni ne na farkon wanda ya shafa. Duk malamin da ya ji na taka masa ƙafa, ya yi haƙuri, a sahu ɗaya muke.

Bari in fara da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Amurkawa sun yi wa tarihin sojansu hidimar da ta isa a jinjina mata, kuma sun shimfiɗa abu mai yawa daga ciki a intanet kyauta. A shekarar 2000 majalisar dokokinsu ta kafa wani shiri a ƙarƙashin babban ɗakin karatunta da ke Washinton, domin tattara labarin mazan jiya daga bakinsu. Yau shirin yana riƙe da kayan mutum fiye da 100,000: hirar da aka naɗa, wasiƙun da soja ya aiko wa uwarsa daga fagen daga, hotuna, da ƴan littattafan da wasu suka riƙa rubuta abin da ya same su kullum, tun daga yaƙin duniya na farko har zuwa Iraƙi da Afganistan. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasarsu ta ɗora miliyoyin shafuka. Cibiyar tarihi ta rundunar sojan ƙasa ta saki manyan littattafanta na yaƙin duniya na biyu, kowa ya sauke. Wata ƙungiya mai kula da tsofaffin filayen daga tana da taswirori masu motsi, inda ɗalibi zai ga yadda rundunoni suka yi ta kai-komo a Gettysburg cikin kwana ukun farko na watan Yuli 1863, abin da ni da alli da allo ba zan taɓa iya nuna masa ba. Bangon tunawa da matattun Biyetnam, wanda aka buɗe a Washinton a 1982, yana ɗauke da suna fiye da 58,000. Masu kula da shi sun yi ta cigiya shekara da shekaru, har a 2022 suka sanar da cewa sun samo wa kowane suna hoton mai shi. Ka danna suna, fuska ta fito, da garin haihuwa, da ranar mutuwa, wani lokaci har da saƙon wata ƙanwa da ta tsufa tana kewar wanta.

Galibin abin da ke cikin waɗannan shafuka ba ƙarya ba ne, kuma a nan wahalar take. Da ƙarya ce zalla, da aikinmu ya yi sauƙi, sai mu nuna wa yara ita mu wuce. Amma rumbu na mai shi ne, abin da ya noma shi yake zubawa. An gina su ne da kuɗin Amurkawa, domin ɗan lakkol na Ohayo ko na Teksas ya san abin da kakansa ya yi, ya kuma yi alfahari da shi. Wannan manufa ba abin kunya ba ce ga mai ita. Kunyar tawa ce, ni malamin tarihi a Nijar, da na ɗauki rigar da aka ɗinka wa ɗan wani na zura wa nawa ban ko gwada ba. Mu da muka tashi a wannan yanki bai kamata a koya mana wannan darasi ba. Duk wanda ya saurari labarin jihadin 1804 a Sakkwato, ya zo ya saurare shi a fadar Maraɗi ko ta Tsibiri, ya san maroƙa biyu za su iya ambaton yaƙi ɗaya da sarakuna ɗaya, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma ka tashi da labari biyu. Maroƙin fada yana lissafa dawakin ubangidansa ɗaya bayan ɗaya da kirarinsu. Ƙauyukan da dawakin suka tattake kuwa, kalma guda ta ishe su.

Tun daga suna ake fara karkata. Abin da ɗalibina ya kira yaƙin Biyetnam, mutanen Biyetnam yaƙin Amurka suke ce masa. Yaƙin 1846 zuwa 1848, wanda ya ƙare da Meksiko ta rasa kusan rabin ƙasarta har da Kalifoniya, a littattafan Meksiko sunansa shisshigin Amurka. Yaƙin da aka yi a tsibiran Filifin daga 1899 zuwa 1902 ya shafe kusan ƙarni guda a kundin Amurka da sunan “tawayen Filifin”, sai ka ce mutanen da suka yaƙi mulkin Sifaniya suka ayyana jamhuriyarsu barori ne da suka bijire wa maigida. Sai a ƙarshen shekarun 1990 babban ɗakin karatun ya canja taken. A wannan yaƙi Amurka ta rasa soja kimanin 4,200. Filifin ta rasa mayaƙa kimanin 20,000, da fararen hula da suka kai 200,000 ta hanyar bindiga da yunwa da annoba. Ofishin tarihi na ma'aikatar harkokin wajen Amurka da kansa ya kawo waɗannan alƙaluma. Amma je ka duba jerin yaƙe-yaƙen da ake shirya wa ɗalibai: sau da yawa ƴan layuka ne a gindin yaƙin Amurka da Sifaniya na 1898, wanda bai cika wata huɗu ba. Haka kisan da dakarun doki suka yi wa ƴan ƙabilar Lakota a rafin Wounded Knee ranar 29 ga Disamba 1890, mutum 250 ko fiye, da yawansu mata da yara. Takardun soja “faɗa” suka kira shi, aka kuma rataya wa soja kimanin 20 lambar girma mafi daraja a ƙasar. Majalisa ta bayyana takaicinta a 1990, lambobin kuwa ba a karɓe su ba.

Sai batun ƙidaya, wanda shi ne zuciyar ƙorafina. Amurkawa sun san matattunsu har mutum na ƙarshe, kuma hakan daidai ne. Amma yaƙi ba gefe ɗaya yake kashewa ba. A 1995 gwamnatin Biyetnam ta ce fararen hula kimanin miliyan 2 suka mutu, tare da mayaƙan arewa da na Biyetkong miliyan 1 da 100,000. Ana iya gardama a kan adadin, masana ma suna yi. To, ko da mun rage rabi, me ya rage? Bisa lissafinsu dai, da za a gina musu bango irin na Washinton, sai ya ninka shi fiye da sau 50. Maƙwabciyarsu Lawos, wadda ba a ma ayyana yaƙi da ita ba, an zuba mata bama-bamai fiye da tan miliyan 2 daga 1964 zuwa 1973, kuma har yau ragowar suna tashi da manoma a gonakinsu. Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, inda Amurka ta rasa soja kimanin 36,000, ana yi masa laƙabi da “yaƙin da aka manta”. Wa ya manta? Ba dai Koriyawa ba, waɗanda nasu matattun da miliyoyi ake lissafa su, ƙasarsu kuma tana nan a rabe. A yaƙin duniya na biyu Amurka ta rasa mutum fiye da 400,000, Tarayyar Sobiyet ta rasa kimanin miliyan 27. Duk da haka, ɗalibin da ya yi karatunsa a shafukan Amurka kaɗai zai tashi da cewa a gaɓar Nomandi, ranar 6 ga Yuni 1944, aka karya lagon Hitila, alhali rundunarsa ta shida ta miƙa wuya a Stalingrad tun watan Fabrairu 1943. Saukar da aka yi a kudancin Faransa ranar 15 ga Agusta 1944 kuwa, wadda kaso mai yawa na rundunar Faransa a cikinta ƴan Afirka ne, har da irin kakannin yaran da muke koyarwa, a can babi ne na rundunar Amurka ta bakwai.

A Iraƙi, daga 2003, Amurka ta rasa soja kimanin 4,500, kowane da sunansa. Tun a 2002 janar ɗin da ke jagorantar yaƙin Afganistan, Tommy Franks, ya riga ya gaya wa ƴan jarida cewa su ba sa ƙidayar gawawwakin ɗaya ɓangaren. Waɗanda suka ɗauki wannan aiki ƴan sa kai ne, irin ƙungiyar Iraq Body Count, wadda ta tattara shaidar mutuwar fararen hula kimanin 200,000, da shirin lissafin asarar yaƙi da jami'ar Brown ta fara wallafawa a 2011. Su ma suna intanet, su ma kyauta ne. Babu ko ɗaya daga cikinsu a jerin adireshi biyar ɗin da na rubuta a allo.

Kada wani ya ce wannan gardamar lissafi ce kawai. Zuciyar ɗan Adam fuska take bi, ba ta bin sifiri. Yaron da ya shafe sa'a biyu yana duban hotunan samari masu murmushi, yana karanta wasiƙunsu, sa'an nan ya tarar da “kimanin miliyan biyu” a ƙasan shafi, idan ma ya tarar, ya koyi wani darasi da babu wanda ya rubuta masa: akwai mutuwar da ke da suna, akwai wadda ake kintata. Kuma idan ya duba da kyau, zai gane shi da iyayensa a wane rukuni duniya ta saba saka su. Wannan ne nake tsoro, fiye da kuskuren shekara ko na sunan janar.

To, ga wasu abokan aikina, musamman a ƴan shekarun nan, maganin mai sauƙi ne. Su kan ce duk farfagandar nasara ce, a hana yara zuwa can, a huta. Da su ma ina da faɗa, watakila ma ya fi na farko zafi. Da farko, yaron da ka hana shiga ɗakin karatu ba gida yake komawa ba. Wayarsa tana aljihunsa, zai faɗa hannun masu ƴan guntayen bidiyo na Facebook da TikTok da WhatsApp, inda babu kwanan wata, babu sunan marubuci, babu takardar da za a koma a duba, inda ake ɗauko hoton wani yaƙi a liƙa wa wani. Ka raba shi da maroƙin da aƙalla ya san asalin sarakuna, ka miƙa shi ga mai tallar magani a kasuwa. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci: hujjoji mafi kaifi a kan yaƙe-yaƙen Amurka a cikin rumbunan Amurka suke. Wanda ya ce a rufe su, takobinsa yake jefarwa.

Ga misali. Ranar 7 ga Agusta 1964 majalisar Amurka ta ba shugaba Johnson ikon faɗaɗa yaƙi a Biyetnam, sanatoci biyu kaɗai suka ƙi, bisa dalilin cewa an kai wa jiragen ruwan Amurka hari sau biyu a mashigin Tonkin, ranar 2 da ranar 4 ga watan. A 2005 hukumar sauraren sirri ta Amurka ta saki binciken masanin tarihinta, Robert Hanyok, wanda ya nuna cewa harin ranar 4 bai auku ba sam. Takardar tana nan, ana iya saukewa. Kundin sirri na Fentagon, shafi kimanin 7,000, wanda Daniel Ellsberg ya fitar wa jaridar New York Times a 1971 ya kusa ƙare rayuwarsa a kurkuku saboda shi, ma'ajiyar ƙasa ta ɗora shi cikakke a 2011. A cikinsa ɗalibi zai ga gwamnati bayan gwamnati tana faɗa wa jama'arta abu ɗaya, tana rubuta wani a ofis. Kisan ƙauyen My Lai na ranar 16 ga Maris 1968, mutum 504 a lissafin Biyetnam, 347 a na sojan Amurka, rahoton binciken da Janar Peers ya jagoranta yana shafin babban ɗakin karatun majalisa. A nan yaro zai haɗu da Laftana Calley da aka yanke wa hukunci a 1971, ya kuma haɗu da matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, wanda ya sauke jirginsa tsakanin sojan ƙasarsa da mutanen ƙauye. Duka biyun Amurkawa ne. Mai cewa a rufe ba ya son yaro ya san na biyun, mai kwafa ido rufe ba ya kai shi ga na farkon. Haka nan masu riya cewa yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ba a kan bauta aka yi shi ba, ba sai an yi doguwar gardama da su ba: a buɗe sanarwar ɓallewa ta jihar Misisipi ta watan Janairu 1861, inda masu ɓallewar suka faɗa da bakinsu cewa bauta ce ginshiƙin matsayinsu. Kusa da ita akwai hira fiye da 2,300 da aka yi da tsofaffin bayi daga 1936 zuwa 1938.

Sai dai a lura, waɗannan takardu ba don kirki aka sake su ba. Dokar ƴancin samun bayanai ta 1966, da ƙarar da ƴan jarida suka yi ta kaiwa kotu, da naci irin na cibiyar nan mai zaman kanta da aka kafa a 1985 take zaune a jami'ar George Washington, su suka ɓamɓaro su. A 2019 ma sai da jaridar Washington Post ta yi shari'a kafin ta samu hirarrakin da manyan jami'ai suka amsa cewa an daɗe ana ƙawata labarin yaƙin Afganistan. Kuma ba a zaure ake ajiye irin waɗannan ba. A zaure, wato sashen da aka keɓe wa ɗalibai, taswira ce da kacici-kacici da hotunan jarumai. Takardun suna can ƙuryar ɗaki, sai wanda ya san gidan zai kai ka. Wannan shi ne aikin malami, kuma shi ne aikin da na gudu na bari.

Akwai wani babi da ya kamata a ce kowane ɗalibin lise a ƙasar nan ya san shi kamar sunansa, domin sunan Nijar yana ciki. Lokacin da gwamnatin George Bush take neman dalilin afka wa Iraƙi, an yaɗa cewa Saddam Husaini ya ƙulla cinikin tan 500 na garin yuraniyom da Nijar. A watan Fabrairu 2002 aka turo tsohon jakada Joseph Wilson Yamai ya bincika, ya koma ya ce abin da wuya ya kasance gaskiya. Duk da haka, a watan Disamba 2002 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ambaci Nijar da suna a wata takardarta, ranar 28 ga Janairu 2003 kuma Bush ya gaya wa majalisa cewa gwamnatin Ingila ta gano Saddam ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. Ranar 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, Muhammad ElBaradei, ya shaida wa kwamitin sulhu cewa takardun cinikin na jabu ne. Ɗaya daga cikin wasiƙun, mai kwanan watan Oktoba 2000, tana ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar wannan kujera tun 1989. Kowane tsohon ma'aikaci a Yamai da ya gane wannan kafin shayinsa ya huce. Kwana 13 bayan jawabin ElBaradei aka fara yaƙin. Ranar 6 ga Yuli 2003 Wilson ya rubuta abin da ya sani a New York Times, fadar shugaban ƙasa ta amsa cewa bai kamata maganar ta shiga jawabin ba. Jawabin Bush, da na ElBaradei, da maƙalar Wilson, da rahoton kwamitin majalisar dattawa na 2004, duk suna intanet. Ina darasin da ya fi wannan wajen koya wa yaro yadda ake tantance takarda: wa ya sa hannu, yaushe, yana kan muƙamin a ranar? Na tambayi aji uku, babu ɗalibi ɗaya da ya taɓa jin labarin. Sun san Pearl Harbor.

Wani abu kuma da muke mantawa: littafi idan an buga shi ya bugu, shafin intanet kuwa mai shi yana iya sauya shi cikin dare. A watan Maris 2025, bayan umurnin sabuwar gwamnati na a share duk abin da ya shafi shirye-shiryen daidaita jinsi da launin fata, ma'aikatar tsaron Amurka ta shiga kwashe shafuka da hotuna. Kamfanin dillancin labarai na AP ya ga jerin hotuna fiye da 26,000 da aka yi wa alama. Cikin abin da ya ɓace har da shafukan ƴan ƙabilar Nabaho, waɗanda suka yi amfani da harshensu wajen aika saƙon sirri a yaƙi da Jafan, da na Jackie Robinson, baƙin hafsan da aka gurfanar a kotun soja a 1944 don ya ƙi komawa kujerar baya a cikin mota. Da jama'a suka yi ca, aka mayar da waɗannan, aka ce kuskure ne. Har hotunan Enola Gay, jirgin da ya jefa bam a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, an yi musu alama, bisa ga dukkan alamu saboda wata kalma da ke cikin sunan. Abin dariya ne, amma darasin ba na dariya ba ne. Malamin da ya ba da adireshi a watan Fabrairu, ba abu ɗaya ɗalibinsa ya gani a watan Maris ba. Dole mu koya wa yara rubuta ranar da suka ga shafi, da yadda ake neman tsohon kwafinsa a rumbun Internet Archive.

Matsalar harshe ta ƙara dagula al'amari. Kusan duk abin da na lissafa da Ingilishi yake, yaranmu kuwa da Faransanci suke karatu, da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek suke tunani. Tsakaninsu da takarda akwai na'urar fassara, yanzu kuma ga na'urorin nan masu amsa tambaya, waɗanda za su rubuta maka shafi shida cikin minti guda da murya mai natsuwa kamar ta alƙali. Su ma daga abin da ya fi yawa a intanet suka koya, abin da ya fi yawa kuwa mun ga na wane ne. Bambancin kawai, su sun iya goge “mu” ɗin da ya tona asirin ɗalibina.

Ba na kiran a yi doka, ba na jiran wani kwamiti. Abin da nake roƙon ƴan'uwana malamai bai fi ƙarfinmu ba. Kada mu ba da adireshin da ba mu shiga da kanmu ba. Kada mu karɓi jawabi a kan kowane yaƙi sai ya faɗi yadda ɗaya ɓangaren yake kiran yaƙin, da adadin matattunsa, da wanda ya ƙidaya su. Gara yaro ya kawo takarda ɗaya ta asali, ya faɗi wanda ya rubuta ta da wanda aka rubuta wa, da ya kawo shafi shida na kwafe. Malamin tarihi kuma ya sauke girman kai ya zauna da malamin Ingilishi, su fassara shafi biyu na rahoton Peers ko jawabin ElBaradei tare, su raba wa aji. Aikin yamma ɗaya ne.

Ga ƙungiyoyinmu na raya al'adu kuwa, laifi tudu ne. Muna ƙorafin Amurkawa sun ba nasu fuska sun bar na wasu a sifiri, to, mu wa muka ba fuska? Dabarar naɗar bakin tsofaffi ba baƙuwa ba ce a nan. Cibiyar CELHTO da ke Yamai tun 1968 aka kafa ta domin tarihin baka, shekara 32 kafin shirin majalisar Amurka, kuma Bubu Hama ya ƙare rayuwarsa yana tattara irin wannan. Mazan jiyan da Faransa ta kai yaƙin duniya na biyu sun kusa ƙarewa, in ma da saura. Waɗanda aka kai Indocin, wato wannan ƙasa ta Biyetnam kafin Amurka ta karɓi yaƙin, da waɗanda aka kai Aljeriya, suna bin bayansu. Ƴaƴansu da matansu suna nan a Maraɗi da Tawa da Damagaram, da lambobin girma a cikin kwalla da hotuna a ƙarƙashin katifa. Kowace waya a yau tana naɗar murya. Ƙungiyar da ta iya shirya wasan kwaikwayo da gasar waƙa kowace shekara ba za ta gaza naɗar hira goma ba.

Da na mayar wa yaran nan huɗu takardunsu, na ƙara musu wani aiki. Ranar 4 ga Oktoba 2017, kusa da ƙauyen Tongo Tongo a jihar Tillaberi, an yi wa wata tawagar haɗin gwiwa kwanton ɓauna, sojan Amurka huɗu suka mutu, na Nijar aƙalla huɗu. Fentagon ta fitar da taƙaitaccen rahotonta a watan Mayu 2018. Sojan Amurka sun bar ƙasar nan a 2024, amma a rumbunansu wannan rana ta riga ta zama babi na tarihin sojansu, da taswira da hotuna. Na ce wa yaran su samo mini sunayen duk waɗanda suka mutu. Kafin a kaɗa ƙararrawa sun kawo na Amurkawa huɗu: Bryan Black, Jeremiah Johnson, La David Johnson da Dustin Wright, da shekarunsu da jihohinsu. Na namu kuwa na ba su har ƙarshen wata, na ce idan waya ta gaza su ajiye ta, su fara da gidajen tsofaffin sojan unguwarsu.